Kaka Habu Tela da Rigunan Takardar Siminti

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Kaka Habu Tela a nan Matameye ya san ranar farko ba a barin shagonsa da mutunci cikakke. Ka kawo yadinka, ko shadda ce mai sheƙi daga Kano, sai ya karɓa, ya murza, ya shinshina, ya tura ƙarƙashin benci kamar bai gani ba. Sannan ya jawo takardar buhun siminti ya kakkaɓe, ya yanka maka riga da ita, ya maƙala maka a jiki da allurai, ya ce, "To, sa ka zaga." Zagawar kuwa ba ta cikin shago ba ce. Sai ka je bakin famfo ka dawo, ka tsuguna, ka ɗaga hannu, ka yi ruku'u. Inda takarda ta yage, nan riga za ta matse ka. Almakashinsa ba ya taɓa yadi sai takarda ta yarda.

Ni Rabi ce, jikarsa, wadda yake kira Uwargida tun ina rarrafe. Aji uku kawai na yi a lakkwal, wato makarantar boko, sauran karatuna na ajin manya ne, saboda haka ku da kuka san shi ku yi haƙuri da rubutun, ku dubi mai labarin.

Kun tuna Alhaji Mamman mai mato na Ɗan Barto? Mutum mai tumbi da ƙasaita, ya zo da shadda fara ta Sallah. Kaka ya naɗe shi cikin takarda, har tambarin siminti ya zauna masa daidai kan ciki.

"Malam Habu, ni fa Alhaji ne!"

"Takarda ba ta je Makka ba, ba ta san ka ba. Zaga."

Alhaji ya fita yana ƙwaram-ƙwaram kamar busasshen kara. Bai kai famfo ba wata akuya ta bi shi ta kama hannun rigar ta yage, ta tsaya tana tauna. Ya dawo yana huci, hannu ɗaya tsirara. Kaka ya dubi hannun, ya dubi wancan, ya jawo metir ya auna, ya ce, "Wallahi akuyar nan ta fi ni ido. Da ma hannun ya yi tsawo." Kuma daidai inda akuya ta tsaya, nan ya yanke shaddar. Alhaji ya sa rigar nan Sallah uku, bai taɓa yarda a yi zancen a gabansa ba.

Rowa kuwa, kai! Shi ba ya kiranta rowa, tattali yake cewa. Guntun zare ba ya faɗuwa ƙasa a shagonsa. Ƙannen babana da ke ci-rani a Kano suka haɗa kai suka aiko masa keken ɗinki mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, sabo dal cikin akwati. Ya buɗe, ya duba, ya ce, "Wannan in an ɗauke wuta shi ma ya ɗauke?" Aka ce e. Ya fitar da keken ya jingine a ɗaki, ya shimfiɗa ƙaiƙayi cikin akwatin ya ba kazarsa. Da aka shiga lokacin da wuta ke kwana da kwanaki ba ta zo ba, telolin kasuwa suka zauna suna korar ƙuda, shi kuwa ya fito da tsohon kekensa na ƙafa har bakin hanya yana taka shi da ƙarfi, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ka gaida masu kuran!"

Wannan lokacin nake son in ba ku labarinsa, don ni ban taɓa faɗinsa duka ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, damina ma ta ɗauke mana da wuri. Hatsi ya fara fitar da kai ya tsaya, ya bushe a tsaye. Maigidana Sabi'u yana Kano, hanya ta rufe masa, sai dai murya ta salula in rezo, wato layin waya, ya ga dama. Ruwan nonona ya janye, ɗiyata Balki kuwa ba ta cika shekara ba. A gidan likita suka ɗaura mata igiyar awon nan a damtse, wadda ke da kore da ruwan ɗorawa da ja. Ta tsaya a ruwan ɗorawa, can gefen da ke kusa da ja. Madam mai awon yara ta ce tamowa ce, akwai abincin gyaɗa na leda da ake ba irin waɗannan yara, amma ya yi ƙaranci, yau ya sauka a wannan gari, jibi a wancan. Ta ce ranakun duk suna kan wani shafi na intanet, in sa a duba mini.

Na buɗe a salular da Sabi'u ya bar mini. Me zan gani? Hoton mutane suna dariya a bakin rijiya, da dogon rubutun Faransanci ƙanana kamar tururuwa. Na latsa nan, na latsa can, sai wasu hotunan suka fito. Na haƙura na koma bin ji-ta-ji-ta. Aka ce Dawce, na hau amalanke da goyo, na tarar an raba tun shekaranjiya. Aka ce Icirnawa, na je, ashe ba a kawo ba tukuna. Na dawo da yarinya ta galabaita fiye da yadda na tafi da ita. Ni da ma mai fargaba ce, ko tari yaro ya yi sai in kwana ban runtsa ba, to ku ƙiyasta.

Ana cikin haka aka yi shela cewa masu shafin sun aiko mutum daga Damagaram, yana son jama'a su taru a inuwar bedi, wato dogon yaro, ta lakkwal. Laminu sunansa, muna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, saurayi siriri mai ladabi, da ordinata, wato kwamfuta, a jaka. Ya ce shafin ba na gwamnati ba ne, ba na kamfani ba, ba shi da mai shi. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina shi kyauta, kowa na iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka yi, wanda ya iya ya gyara. Yanzu suna son su sake masa fasali, kuma sun ce ba za su yi ba sai da bakin masu amfani da shi.

Sai muka ji murya daga baya: "Gayya ce ke nan. To wa ke dama muku fura?"

Kaka ne. Ba wanda ya gayyace shi. Ya ji an ce baƙo ya zo da manyan takardu, shi ne ya zo ya ga ko za a zubar da su in an tashi.

Mushe ya buɗe ordinata ya nuna mana fasali na farko. Jama'a suka ce, "Madalla, ya yi kyau." Ya nuna na biyu. "Kai, wannan ma ya yi kyau." Na uku. "Ma sha Allah!" Bawan Allah ya rasa abin da zai rubuta a kayensa, littafin da ya zo da shi. Can sai ordinatar ta yi ƙyaf ta mutu, caji ya ƙare, kuma ba wuta a gari.

Kaka ya taso da sandarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu a fara aiki. Ɗana, kai baƙo ne. Ko jaki ka zana ka ce doki ne, mutanen nan za su ce Allah ya ja da ran mai doki. Abin da ya riga ya yi ƙyalli ba mai kushe shi a gaban mai shi. Ka kawo musu mummuna, wanda ba a jin kunyar yagawa."

Mushe ya yi dariya ya ce ai su ma haka suke yi a aikinsu: kafin a gina shafi sai an zana ƙwarangwal ɗinsa, akwatuna da layuka kawai, a ga me zai zauna a ina. Ya ji kunyar kawo mana zanen banza ne, kar mu ce ya raina mu.

"Ashe ku ma teloli ne, ba ku sani ba," in ji Kaka. "Uwargida, tashi ki kwaso mini takarduna. Tsofaffin, ba na saman ba!"

Mushe ya so a zana a babbar takarda kowa ya gani. Kaka ya ƙi. Ya ce ba a gwada rigar ƙato don a ɗinka wa jariri. Ya karɓi salulata ya ɗora kan takardar siminti, ya zagaye ta da gawayi, ya yanka guda ashirin daidai girmanta. Ya yanka ƙananan gutsattsari, kowane ɗaya a madadin wurin latsawa, ya raba allurai yana gargaɗi cewa ya san adadinsu.

Nan fa bakin da ya ƙi buɗuwa ɗazu ya buɗe. Malam Isa manomi ya ce farashin tiyar hatsi ne zai hau sama, don shi ne abin da kowa ke kwana da shi. Mata suka ce a'a, ranar awon yara. Wani ya cire gutsuren wani ya maƙala nasa, aka yi ta "kai, bari!" da "ke, ina ruwanki!" Mushe yana ta rubutu cike da murna. Daga baya ya ce, cikin jin nauyi, abokan aikinsa na waje suna son tambarinsu da tarihin aikin su zauna a sama, don mutane su san su.

Kaka ya juya wuyan rigarsa ya nuna masa. "Shekara hamsin ina ɗinki. Ka taɓa ganin na rubuta Habu a ƙirjin mutum? Sunan tela ciki yake zama, ta bayan wuya. Mai son sanin wanda ya yi zai juya ya duba. Ka gaya musu a gaishe su, su sauka ƙasa."

Tarihi ya sauka ƙasa. Ranar awo ta hau sama, farashin hatsi na biye da ita. Malam Isa ya ce ya yarda, amma a rubuta cewa an fi ƙarfinsa ne.

Sai maganar girman wurin latsawa. Kaka ya ce ba a yin kintace. Ya sa kowace mace ta shafa gawayi a babban yatsa ta dangwala a takarda, shi kuma ya bi da metir yana aunawa. Muna layi muna dangwalawa sai Inna Tasalla mai dakau ta ce, "To, zaɓen da muka samu bana ke nan." Aka tuntsire da dariya, kowa na waiwayen hanya. Da aka gama awo, yatsan Inna Tasalla ne ya fi na kowa, shekara da shekaru taɓarya ta baje shi kamar faifai. Kaka ya ɗaga takardar ya ce, "Ga ma'auni. Wurin da ya ɗauki Tasalla zai ɗauki kowa."

"Allah ya isa, Habu! Yatsan nawa za a kai ƙasar waje?"

"Ke dai ba ki je ba, bari shi ya je."

Aka zo gwaji. Kaka ya ce ba a zaune a inuwa za a gwada ba, don ba mai neman ranar awo a zaune. Ya sa na tashi da Balki a baya, guga a hannun hagu, takarda a dama, na tsaya cikin rana. Mushe ya ce, "Ki ɗauka salula ce. Kina son ki san yaushe abincin yara zai zo. Ina za ki latsa?"

Kafin nan, don ya taimake mu, Mushe ya ɗauki alƙalaminsa mai launi ya cike akwatin ranar awo da ja, wai don ya fi fitowa, ido ya fara sauka a kansa. Na duba. Na san shi ne, ga shi a sama, da bakina na ce a sa shi can. Amma yatsana ya kewaye shi ya sauka kan farashin hatsi. Aka ba Hajara maƙwabciyata, ita ma mai goyo, ta latsa tarihi can ƙasa. Ta uku ta riƙe takardar kawai ta ce rana ta dame ta. Mushe ya dafe kai. Ya ce ga shi babba, ga shi a sama, ga shi ja wur, me kuma ya rage?

Ni kam na sunkuyar da kai. Wace ce ni da zan gyara wa mai ilmi aiki a gaban maza? Amma Kaka ba fuska yake kallo ba in ana gwaji, inda jiki ke noƙewa yake kallo.

"Uwargida, akwatin nan cizo yake?"

"A'a, Kaka."

"To na ga yatsanki ya kauce masa kamar ya ga kunama. Faɗi, ko in sake ki a gaban jama'a in auri Tasalla."

"Wa zai aure ka, tsoho, da rowar nan taka?" in ji Inna Tasalla.

Dariyar ce ta kwance mini harshe. Na ce, "Ja ne." Na ce a igiyar awo, in ta tsaya a ja, an gama magana, sai kwanciya a gidan likita, wasu kuma ba sa dawowa. Kullum na rufe ido jan nan nake gani. Ba zan sa yatsana a kansa ba da sunan ɗiyata a bakina, ko na takarda ne. Hajara ta ce, "Wallahi ni ma." Ta ukun ma ta gyaɗa kai.

Mushe ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce su a wurinsu ja na nufin "duba nan", bai taɓa kawo wannan a ransa ba, kuma da an gina shi haka da ba wanda zai gaya musu dalilin da mata ba sa latsawa. Ya kama takardar da hannu biyu zai yaga.

"Kai! Kai! Kar ka yaga!" Kaka ya daka tsawa har Balki ta farka. "Juya bayanta. Bayan ba a yi komai da shi ba!"

A bayan takardar aka sake zanawa. Mushe ya zana kalanda a akwatin, muka ce mun ɗauka tagar gidan yari ce. Hajara ta karɓi gawayi ta zana damtsen yaro da igiya a ɗaure, kowa ya gane nan take. Muka ce kuma in an latsa, kar rubutu ya fito, murya ta yi magana da Hausa. Mushe ya ɗauki hoton takardun ɗaya bayan ɗaya ya aika wa mutanensa. Da ya nemi ya tafi da su, Kaka ya ce aro ne ba kyauta ba, ya tsaya har aka zare masa allurarsa ta ƙarshe.

Sau uku Mushe yana dawowa da gyara, sau uku ana tsayar da mu a rana. Ginin kuwa ya ɗauki makonni, don masu yin sa kowa da aikinsa na ci da kai, sai sun samu sarari. Ni kuwa kwana ɗaya ma shekara ce a wurina. Kullum da safe Kaka zai aiko mini ƙwai ɗaya daga akwatin nan na kaza, ya ce a dama wa Balki a kunu, a kuma gaya wa mutanen Kano kekensu yana aiki.

Ran Juma'a kuma in na kai masa gaisuwa sai ya ce, "Kawo amaryata Balki in auna ta, igiyar likita ba ta san aiki ba." Ya naɗa metir a damtsenta, ya ɗaga gira, ya ce, "Ta ƙaru! Wallahi yarinyar nan ƙiba take, ki rage mata abinci." Ni kuwa ina gani. Ɗan yatsansa yake cusawa ƙarƙashin metir ɗin. Mutumin da bai taɓa ƙara wa kowa ko rabin santimita a awo ba, wanda ya tsayar da Alhaji a rana saboda tsawon hannu. Ban ce masa na gani ba. Ina komawa gida da ƙaryar nan tasa in ji na iya haɗiye tuwo.

Wata safiya Hajara ta faɗo gidanmu ko sallama babu, salula a hannu. Shafin ya sake. Ba mutane masu dariya, ba tururuwa. Ga damtsen yaro a sama cikin akwati kore, faɗinsa kamar yatsan Inna Tasalla. Na latsa. Muryar mace ta ce abincin yara ya sauka, ran Talata da safe za a yi awo a raba a gidan likita na cikin gari. Na sake latsawa sau huɗu don in tabbata ba ta sauya magana ba. Ran Talata ni ce ta biyu a layi. Bayan nan ban ƙara hawa amalanke a banza ba, duk inda abincin ya sauka muna ji tun kafin ranar.

Balki ta fara zama da kanta, ta fara fizgar ɗankwalina. Sai dai a daidai lokacin Kaka ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura, keke ya yi shiru. Ranar da Madam ta ɗaura igiya ta tsaya a kore, ban bi ta gida ba, wurinsa na nufa. Na tarar da shi a tabarma an jingina shi da bango.

"Kaka, kore!"

"Wa ya ce? Miƙo metir."

Ya naɗa mata, ita kuwa tana ta kama masa gemu. Ya kusanto da metir ɗin idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga hannunsa ɗaya sama, yatsu biyar a buɗe, ya ce, "Uwargida, dubi da kyau. Yau duk suna waje."

"Da ma na sani, tsoho."

"Na san kin sani. Da kin tona ni da tuni na sake ki."

Kwana tara bayan nan ya cika, da hantsi, ran Alhamis.

Balki tana gudu yanzu, sai an kamo ta. Ya Allah, bawanka Habu ya sassauta awo sau ɗaya a rayuwarsa don hankalin wata uwa ya kwanta. Ka sassauta masa nasa awon, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi. Mu da muka rage Ka ba mu damina mai albarka, Ka raya mana ƴaƴanmu. Amin.